Kwana Ɗaya a Gindin Hawan Kibo

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo. Mu ma muna tsammani mun san shi, gama mun hau mun sauka ya fi a ƙirga. Ashe sanin mai wucewa ne muka yi masa, wanda yake leƙen dutse ta taga yana alla-alla ya kai gari. Sai a cikin watan Disamba 2024 wani ɗan ƙarfe, wanda bai fi tafin hannun yaro ba, ya zaunar da mu a gindinsa har muka kwana.

Ga dalilin tafiyar. Surukarmu, wadda yara suke kira Kaka, yana ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya soma dushewa. Likita a Jos ya sa mata ranar Talata da ƙarfe takwas na safe domin a yi mata aiki. Wata huɗu muna jiran wannan rana, in kuwa ta wuce mu sai mu sake bin layi. Saboda haka da aka rufe makaranta, ran Litinin da sassafe muka tashi daga Akwanga mu huɗu: mu da uwargida, da Kaka, da ɗanmu babba wanda yake ajin ƙarshe a sakandare.

Motarmu tsohuwar Peugeot 504 ce mai dogon baya, irin wadda kowa ke kira Fijo. A Faransa aka fara yin 504 a 1968, a 1975 kuma aka soma haɗa motocin Peugeot a Kaduna, har bayan shekara ta 2000 ana fitar da 504 daga can. Tamu ta girmi dukan 'ya'yanmu. Wurin wani tsohon hedimasta muka saye ta, ba ta kuwa taɓa kunyata mu ba. Amma bari mu faɗi laifinmu tun yanzu. Wata uku ke nan, duk sa'ad da muka taka kuloci sai mu ji wani ɗan kuka siriri kamar na gyare, da mun ɗaga ƙafa sai ya yi shiru. Uwargida ta yi magana har sau biyu. Muka ce sai an biya albashi. Da aka biya, muka ce sai an biya na gaba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, malamin makaranta da yake da mota yakan yi lissafi sau uku kafin ya doshi gareji.

Hanyar tana ratsa jiha uku. Daga Akwanga a Jihar Nasarawa aka bi ta Andaha, sa'an nan a shiga Jihar Kaduna ta Gwantu da Fadan Karshi. Ƙasa ce mai dausayi, ga doya, ga ayaba, ga giginya da kwakwar manja a bakin rafuffuka. Bayan Fadan Karshi sai a tarar da itatuwan tik da malaina a jere, dogaye, hannun mutum ne ya dasa su. Wannan shi ne dajin Nimbia. A mararrabar da ake kira Forest hanyar Gidan Waya da Kafanchan take haɗuwa da tamu. Daga nan in ka ɗaga kai sai ka ga tudun Filato ya tsaya a gabanka kamar garu, hazon hunturu ya lulluɓe kansa. Birnin Jos yana bisa wajen mita 1,200 daga bakin teku, babban rabo na wannan tsawo kuwa a Hawan Kibo mota take cin sa.

Mun wuce ruwan Assop wajen ƙarfe goma, muka kama hawa. Ba mu yi nisa ba sai muka cim ma wata tirela ta ɗauko kaya ta yi danƙam, tana jan ciki kamar kunkuru. Ga kwana, ga motoci suna gangarowa, ba damar wucewa. To, a nan ne muka yi abin da muka saba: giya ɗaya, ƙafar hagu rabi a kan kuloci, a matsa kaɗan, a tsaya, a sake matsawa. Kukan gyaren nan ya zama gurnani. Sai wari ya taso kamar na ƙarfen da ya sha wuta. Da muka sake takawa domin mu sa giya biyu, sai muka ji ƙas a ƙarƙashin ƙafa, abin takawar ya yi sakwaf, giya ta ƙi shiga, sai kartar haƙora take yi. Muka karkata gefen hanya da ɗan sauran gudun da ya rage, muka ja birkin hannu, muka kashe inji.

Yaron ya yi maza ya sa duwatsu a bayan tayoyi, ya karyo ganye ya jera a kan kwalta sama da ƙasa, yadda ake yi. Kaka ba ta ga abin da ya faru ba, sai ta ce, “Malam, har mun iso?” Muka ce, “Saura kaɗan, Mama.” Uwargida ba ta ce kome ba. Da ma ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Wanda bai taɓa tsayawa a tsakiyar wannan hawa ba bai san yadda wurin yake ba. A hannu ɗaya dutse ne baƙi ya miƙe, a ɗaya hannun kwari ne mai zurfi, can ƙasa kana hangen ɓaraguzan manyan motoci da suka yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a cikinsu. Masu gangarowa suna tafe birki yana hayaƙi. Kowace tirela ta wuce sai motarmu ta girgiza. Ba wurin da mai hankali zai bar tsohuwa ta kai yamma ba ne, balle dare.

Wani ɗan acaɓa ya tsaya don kansa, ya tambaye mu, ya ce akwai bakaniken Fijo a Forest. Ya tafi, bayan kamar awa ɗaya ya komo da shi. Dattijo ne siriri mai furfura, sifana uku kaɗai ya riƙo da tsumma. Bai yi gaggawar kwance kome ba. Ya buɗe bonet ya duba man kuloci a ɗan kofinsa, ya tarar yana nan cike. Ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya ce wa yaron ya taka. Ya ce sandar da take tura cokalin kuloci tana motsi daidai, watau laifin ba na mai ba ne, yana can ciki. Sa'an nan ya fito ya dube mu.

“Malam, tun yaushe take kuka?”

Muka ce wata uku.

“In ka taka ne take yi, ko in ka saki?”

“In mun taka.”

Ya ce, “Rilis ne. Da a ce in ka saki ne take yi, ka taka ta yi shiru, da na ce boris na cikin giyabos ne. Wannan ya daɗe yana gaya maka.”

Yadda ya sauko da motar ma abin kallo ne. Inji a kashe ya zare giya, muka tare hanya, ya bar ta ta zame da baya a hankali har ya juya kanta. Ya ta da inji ba giya domin birki ya sami ƙarfi, ya gangara. Da muka kai shimfiɗe ya kashe, ya sa giya ɗaya, ya murza makulli, motar ta yi zillo ta kama. Daga nan yana sauraron inji da kunne, yana sauya giya ba tare da ya taɓa kuloci ba. Ba mu ba kowa shawara ya gwada wannan a kan dutse ba. Hannun da ya shekara arba'in a aikin ne.

A Forest muka fara da abin da ya fi muhimmanci. Bakaniken ya tare wani direban haya da ya sani, mai zuwa Jos, aka ba Kaka gidan gaba, uwargida ta matsa a baya da jakar magani da kwanon abinci. Ƙarfe ɗaya da rabi suka tashi. Muka tsaya muna kallon motar har ta sha kwana.

Garejin gindin mangwaro ne. An kafa ƙarafa uku an haɗa kansu, an rataya sarƙar ɗaga inji. Muka tambaya ko ba giyabos za a sauke ba, gama haka muka ji ana yi. Ya ce a wasu motoci haka ne, amma ita wannan farfelarta tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da ƙafar baya, kafin ka ja giyabos baya sai ka tayar da rabin motar. Shi ya fi son ya zaro inji ta gaba. Ya yi dariya ya ce da tsohuwar Golf muka kawo, irin ta 'yan haya, da tuni mun kama hanya, don nata boris ɗin a ƙarshen giyabos yake ta waje, marfi ɗaya za a ɓalle.

Yaransa biyu suka cire bonet, suka cire kan batir, suka zubar da ruwan lagireto suka ɗauke shi. Suka kwance salansa, da wayoyi, da tiyon fetur, da kik. Kowane noti aka kwance sai a jefa shi cikin gwangwanin madara, na sama dabam, na ƙasa dabam. Aka tokare giyabos da jak da guntun katako don kada ya rataya. Wajen la'asar injin ya fito yana lilo a sarƙa, a kishingiɗe gefe guda yadda na Fijo yake. Dattijon ya sa hannu cikin bakin giyabos ya zaro abin da ya rage na boris ɗin. Ya yi shuɗi don zafi, ya tsage, 'ya'yan ƙarfen da suke ciki suka zubo a tafin hannunsa kamar tsakuwa.

A nan muka zama 'yan makaranta, shi ya zama malami, ya kuwa iya koyarwa fiye da waɗansu masu takardar shaida. Za mu maimaita muku yadda muka fahimta. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, filawil, wanda yake juyawa muddin inji yana aiki. A jikinsa akwai faifan kuloci, mai fata irin ta birki a fuska biyu, shi kuwa a kan sandar giyabos yake zaune. Sa'an nan akwai marfi mai ƙarfin sifirin da yake danne faifan a jikin filawil, su juya tare, ƙarfin inji ya wuce zuwa taya. A tsakiyar marfin akwai yatsun ƙarfe a kewaye, sun dubi juna. In an danna yatsun nan sai marfin ya saki faifan, inji ya rabu da giyabos, ka sami damar sauya giya. To, ga wuyar: yatsun suna juyawa da gudun inji, cokalin da yake zuwa daga ƙafarka kuwa ba ya juyawa. Dole a sami mai shiga tsakani, wanda fuskarsa ɗaya za ta juya, ɗaya ta tsaya. Shi ne rilis. An rufe shi da giris nasa tun daga masana'anta, ba a ƙara masa. An yi shi domin ya yi aikin ɗan lokaci ya huta. Direban da yake ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, ko yake riƙe mota da shi a kan tudu maimakon birkin hannu, ko yake danne shi a cunkoso maimakon ya zare giya, ya hana shi hutun nan. Giris ya ƙone, ya soma kuka, daga baya ya cije.

Duk abu uku ɗin nan muna yi. Shekara goma sha ɗaya muna yi. Yaron yana tsaye yana ji.

Da aka kwance marfin sai magana ta ƙaru. Boris ɗin da ya cije ya ci kan yatsun, waɗansu sun siranta kamar reza, biyu sun lanƙwashe. Faifan kuma fatarsa ta kusa kai ga ƙusoshin da suke riƙe da ita. Ɗaya daga cikin yaran ya kai baki zai hure ƙurar, dattijon ya daka masa tsawa, ya ce a goge da jiƙaƙƙen tsumma, ƙurar kuloci ba ta shiri da huhu. Ya shafa fuskar filawil da yatsa, ya ce wannan lafiya take, baƙin mai kuma ba ya yoyo ta bayan inji. Sa'an nan ya ce, “Malam, marfi dai dole ne. Faifan zai iya kai ka wata shida. Amma ka ga aikin da aka sha kafin a kai gare shi. In ya mutu, wannan aikin za a sake, ka sake biya.”

Kuɗin boris ɗin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin duka. Kuɗin aiki ya ninka shi, marfi da faifai suka ninka kuɗin aiki. Abin da yake aljihunmu kuwa kashi biyu ne: na asibiti, wanda uwargida ta tafi da shi, da na rajistar jarrabawar yaron, wanda za a biya a Janairu. Muka koma gefe muka buga wa uwargida waya. Sun isa lafiya, Kaka har ta ci abinci. Muka faɗa mata. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, “Baban yara, a sa duka. Akuyar nan mai ciki sai a sayar.” Akuyarta ce, ba tamu ba.

Dattijon ya kira wani mai kayan mota a Dilimi, cikin Jos. Muka ji yana ja masa kunne, wai kada ya aiko masa da mai kwali mai kyau ciki ba kome, in ya aiko zai mayar masa. Muka tura kuɗi ta waya. Aka ce za a ba direban motar farko da safe.

Sai muka sami kanmu da abin da malami ba ya samu, watau lokaci. Muka zaga mararrabar. Mutanen wurin da hanya suke ci. Mata sun jera ayaba, da lemo, da doya, da gwaza, da zuma a kwalabe, da manja. Kowace mota ta rage gudu sai su yi caa a kanta. Ga masu faci, ga masu walda, ga mai sayar da man birki kaɗai, gama direban da ya gangaro daga dutse ya san abin da ya ƙone, mai shirin hawa kuma yana so ya tabbata. Za ka ji harshe huɗu ko biyar a wuri ɗaya, amma ciniki da Hausa ake yi. Ganyen tik ya soma zuba, kowane ɗaya ya kai faifan tuwo, in ka taka sai ya yi ƙara kamar takarda. Da rana ta faɗi sai motoci suka ɗauke. Direbobin tirela suka jera a bakin hanya, ba mai son dare ya same shi a kan dutse ko a cikin daji.

Mun yi niyyar kwana cikin mota. Dattijon ya ce ba a yi haka ba. Ya kai mu ɗakin yaransa, aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo tuwon masara da miyar karkashi. Sanyi yana gangarowa daga tudu cikin dare kamar ruwa. Ba mu yi barcin kirki ba. Muna ta lissafin akuya, muna kuma tunanin ƙarfe takwas.

Da gari ya waye kaya ba su iso ba tukuna, zama kuma ya gagare mu. Muka hau babur mu da yaron zuwa Assop, wurin da muka wuce sau da yawa ba mu taɓa tsayawa ba. Yana wajen kilomita 60 daga Jos. Daga kwalta ba ka ganin kome sai itatuwa. In ka shiga sai ka tarar da ruwa yana zubowa daga tudu, yana bin duwatsu hawa-hawa, ya taru a tafki mai sanyi a ƙasa. Da yake rani ne ruwan ya ragu, duwatsun da damina take rufewa sun fito, sumul kamar an goge. Itatuwan bakin ruwan kore shar, alhali ciyawar tudu ta bushe ta yi ja. Muka zauna a kan dutse, waya a hannu. Ƙarfe tara da kwata ta yi ƙara. An yi aiki, an rufe idon da auduga, likita ya ce sai gobe za a buɗe. Muka gode wa Allah. Yaron ya cire takalmi ya shiga ruwa har gwiwa, ya fito da gudu don sanyi.

Mun komo mun tarar an kawo kaya. Dattijon ya ɗora sabon boris a kan tsohon ya gwada tsawo da faɗi, ya juya shi kusa da kunnensa. Ya hana yaran wanke shi da fetur. Ya goge bututun da boris yake zamewa a kai, ya shafa giris kaɗan, haka ma haƙoran sandar giyabos da gindin cokali. Muka ce ya ƙara mana, kada a yi rowa. Ya ce in ya yi yawa zai fantsama a kan faifai, kuloci ya riƙa santsi. Ya duba fuskar faifan da take kallon filawil kafin ya ɗora, gama in an juya shi sai an sake sauke inji. Ya ɗauko wata tsohuwar sandar giyabos da yake ajiye da ita don wannan aiki, ya zura ta tsakiya domin faifan ya zauna daidai, sa'an nan ya ɗaure notocin marfi kaɗan kaɗan, wannan gefe, wancan gefe, har suka kama.

Mayar da inji shi ne ya fi cin rai. Sai sandar giyabos ta shiga tsakiyar faifan, haƙori ya faɗa cikin haƙori. Suka tura, ya ƙi. Saura kamar yatsa biyu ya tsaya. Wani yaro ya ce a sa dogon noti a jawo shi da ƙarfi. Dattijon ya ce wanda ya yi haka ya lanƙwasa sabon faifai. Ya ɗaga jak kaɗan, ya sa sifana ya juya inji ɗan taƙi, ya girgiza. Sai muka ji ƙwal, ya zauna. Aka mayar da sauran kaya, gwangwanayen madara suka koma wayam, aka cika lagireto. Ƙarfe biyu ya ta da mota ya taka kuloci. Shiru. Giya ta shiga kamar an sa cokali a kunu.

Muka biya shi, muka ƙara da abin da za a ba masu tuwo, ya ƙi karɓar wannan. Ya leƙo ta taga ya ce, “Malam, in ka sami tirela a gaba, ba ta fili. Ka zauna a giya ɗaya ka sauke ƙafarka ƙasa. In ta tsaya, ja birkin hannu.”

Muka kama hawa. Mun kuwa sami tirela, kusan a daidai wurin jiya, ga ganyenmu nan a bakin kwalta ya yi yaushi. Muka ba ta fili. Kunnuwa suka toshe suka buɗe, iska ta sake, itatuwa suka ragu, sai ga mu a bisa tudu, fili fetal. Ga gonakin Berom da shingen ƙerana, ga buhunan dankalin Turawa da kabeji a bakin hanya, ga duwatsun Riyom an ɗora wani bisa wani kamar da gangan. Gaba kaɗan sai tafkunan da haƙar kuza ta bari. A Bukuru muka shiga cunkoso, muna matsawa kaɗan kaɗan, hankalinmu yana asibiti. Sai yaron ya taɓa mu a gwiwa ya ce, “Baba, ƙafa.” Muka duba, ga ta a kan kuloci. Muka sauke.

Mun sami Kaka a zaune a bakin gado, ido ɗaya a rufe, tana shan kunun gyaɗa. Ta ji muryarmu ta ce, “Malam, ka ce saura kaɗan.” Ran Laraba aka buɗe idon. Abin da ta fara faɗa wa uwargida shi ne zanenta ya koɗe. Akuyar kuwa an sayar da ita a kasuwar Akwanga mako biyu bayan haka, aka biya kuɗin jarrabawa saura kwana uku a rufe.